Anti, shekara uku ina shan giya a ɓoye, ga shi ana maganar aurena bayan Sallah

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana da unguwarmu. Shekaruna 34, ina aiki a wani ofis a Kaduna, 'ya'yana biyu. Shekara huɗu ke nan da mutuwar aurena, bayan zaman shekara tara na duka da zagi. Mijin yana sha, in ya dawo cikin dare a kaina yake hucewa. Da na fito na ɗauka na huta, sai barci ya ƙaurace mini. In kwanta in yi ta juyi har kiran assalatu, ko ƙofa iska ta buga sai gabana ya faɗi.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni irin maganin nan mai ɗaci na 'yar leda, wai na ciwon mara ne da basir, kuma yana sa barci. Daren farko na yi barcin da na shekara ban yi irinsa ba. Wallahi sai daga baya na duba jikin ledar na ga giya ce. Na yi kuka, na yi istigfari, bayan kwana uku na sake aikawa aka sayo mini. Yanzu shekara uku ke nan. Kullum dare sai na sha biyar ko shida, wani lokaci in haɗa da ƙwayar barci da nake saye a kemis. Watannin nan kuma in na tashi da safe hannuna rawa yake yi, ba ya tsayawa sai na sha ɗaya. Kanumfari da turare ba sa rabuwa da jakata.

Sau biyu ina dainawa. A na biyun kwana biyu na yi, zufa ta yi ta karyo mini, ina amai, ina ganin kamar ƙwari na bin bango. Yayata ta ce iska ce ko sammu, aka kai ni ruƙiyya, ni kuwa na san da na koma na sha komai ya lafa. Ba wanda ya sani sai 'yata mai shekara 11, da ta tsinci ledojin a ƙarƙashin katifa, ta dube ni ba ta ce uffan ba. Wannan kallon ya fi mini duk dukan da na sha ciwo. Mahaifinmu ma, Allah ya jiƙansa, ya sha, Innarmu ta rufa masa asiri har ya rasu.

Yanzu ga wani mutumin kirki ya fito, manya sun shiga maganar, ana so a ɗaura bayan ƙaramar Sallah. Na yi niyyar ranar ɗaya ga azumi in yanke gaba ɗaya, ko da zan mutu. Anti, me ya sa ni? Tsohon mijina ya fi shekara goma yana sha, bai kai inda na kai cikin shekara uku ba. Allah zai karɓi tubata kuwa? In gaya wa mai nemana ko in rufe? Wani daren har cewa nake yi gara in kwanta kada in farka.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu. Sannu da wannan kaya da kika ɗauka ke kaɗai tsawon shekara uku, kina zuwa aiki, kina dafa wa yara abinci, kina gaisawa da mutane kamar ba komai.

Bari in fara da abin da ya fi tayar mini da hankali. Niyyar nan da kika ɗaura ta yankewa ranar ɗaya ga azumi, ke kaɗai a ɗaki, don Allah ki warware ta. Niyyar dainawa ki riƙe ta da hannu biyu, amma hanyar da kika zaɓa tana iya halaka ki, kuma kalmar "ko da zan mutu" da kika rubuta ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Ga dalili. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. Idan aka daɗe ana danne ta kullum, sai ita ma ta ƙara ƙarfin tasowa don ta iya aikinta, kamar dokin da aka daɗe ana ja masa linzami yana ƙara turjewa. Ranar da aka saki linzamin farat ɗaya, zabura zai yi. Rawar hannun da kike yi da safe ita ce farkon zaburar, takan soma tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, tare da zufa, tashin zuciya da bugun ƙirji. Cikin kwana biyun farko mutum na iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko da bai taɓa yi ba. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma akwai wani hali da ya fi tsanani, mutum ya ruɗe, bai san inda yake ba, jiki ya yi zafi, yana ganin abin da babu. Wannan yana kisa in ba a asibiti ake ba. Ƙwarin da kika gani suna bin bango alama ce ta cewa kin riga kin leƙa bakin wannan ramin, kuma likitoci sun lura cewa duk yankewar da aka maimaita takan fi ta baya wuya. Ki ɗora ƙishirwar azumi a kai, da faɗuwar sukarin jini, da ƙwayar barcin da ita ma take da nata rikicin in an daina, ki ga abin da nake jiye miki.

Don haka a makon nan za ki ga likita, tun kafin a ga wata. A asibiti akwai maganin da ake bayarwa na 'yan kwanaki, ana rage shi sannu a hankali har ƙwaƙwalwa ta sauka lafiya, tare da ƙarin ruwa in da buƙata, da bitamin B1 wanda giya ke ƙarar da shi a jiki, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa. Mafi tsananin lokacin ba ya cika wuce mako guda. Da irin tarihin da kika bayar, ina kyautata zaton za a so kwantar da ke, kuma in an ce haka ki yarda. Ni Musulma ce kamarki, ba zai yi mini daɗi in ce miki kada ki yanke yau ba. Abin da nake cewa shi ne ki taƙaita kwanakin da ke tsakaninki da likita su zama biyu ko uku, kada ki ƙara a kan abin da kike sha, kuma daga daren yau kada ki sake haɗa giya da ƙwayar barci, ko tramadol, ko maganin tari mai kodin. Dukansu rage numfashi suke yi, in suka haɗu mutum na iya yin barcin da ba tashi. Azumi kuwa, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. In likita ya ce ki ajiye azumin, ki ajiye ki rama.

Sai maganarki ta ƙarshe, ta gara ki kwanta kada ki farka. Ban ɗauke ta a matsayin maganar gajiya kawai ba. Ciwon damuwa da giya in suka haɗu a jikin mutum ɗaya suna ingiza juna, giya tana ƙara duhun zuciya, tana kuma cire wa mutum birkin da ke tsare shi a daren da abin ya yi nauyi. Ki faɗa wa likita wannan jimlar yadda kika rubuto mini ita, kada ki yi mata kwaskwarima. Ki fitar da ƙwayoyin barcin daga ɗakinki. In wani dare kika ji tunanin ya wuce fata ya koma shiri, kada ki jira gari ya waye, ki tashi wani a gidan ko ki kira Yayarki, a kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

Yanzu ga tambayarki, me ya sa ke.

Kwatanta kanki da tsohon mijinki da kike yi yana ƙara miki ƙunci ne a banza, domin jikinku ba ɗaya ba ne. Giya cikin ruwan jiki take narkewa. Jikin namiji kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, na mace kuwa kusan kashi 50, ga shi yawanci mace ba ta kai namiji girman jiki ba. Ki zuba cokalin gishiri ɗaya a kofi, ki zuba irinsa a kwano, wanne zai fi ɗanɗano? Haka nan leda ɗaya da za ku sha ke da shi, jininki zai fi nasa ɗaukar ƙarfinta. Shi ya sa hantar mace takan kamu da ƙarancin sha kuma cikin ƙarancin shekaru, haka ma zuciya da ƙwaƙwalwa. Masu kula da masu shaye-shaye sun daɗe da lura cewa mata sukan fara a makare, amma tazarar da ke tsakanin kurɓar farko da kamuwa takan fi ta maza gajarta. Abin da kika gani a kanki ke nan.

Kuma abin da kike sha ba ƙarami ba ne, ledar ce take ruɗin ido. Giyar kwalba ƙarfinta kusan kashi 5 ne cikin 100, irin waɗannan masu ɗacin kuwa da dama sukan kai kashi 30 zuwa 40. Ki duba jikin taki. Idan mililita 30 ce mai kashi 40, kowace ɗaya tana ɗauke da kusan giram 10 na tsantsar barasa, shida sun kusa giram 60 a dare ɗaya, kimanin giram 400 a mako. A Amurka, inda giya ba haramun ba ce a doka, macen da ta kai ma'auni 8 a mako, wato wajen giram 112, hukumomin lafiyarsu suna lissafa ta cikin masu sha da yawa. Kin ninka wannan fiye da sau uku. Hanta kuwa abin da take iya tacewa a awa guda bai wuce kimanin leda ɗaya ba. Ban kawo wannan lissafin don in tsorata ki ba, ina so ne in likita ya tambaye ki nawa kike sha, ki san dalilin da ya sa ba za ki rage ko ɗaya ba a amsarki. Da wannan adadin ne zai auna maganin da zai ba ki.

Amma ni a ganina jiki ba shi ne tushen ba. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara tara ana dukanki, kunnenki ya koyi sauraren takun ƙafa cikin dare, zuciyarki ta koyi zama a tsaye. Takardar saki ta raba ki da mutumin, ba ta raba jikinki da tsoron ba. Rashin barci, firgita in an buga ƙofa, faɗuwar gaba ba dalili, waɗannan sanannun alamu ne na raunin da azaba ke bari a zuciya, suna da suna a likitance, suna kuma da magani. A cikin matan da giya ta kama, akwai da yawa da labarinsu yake farawa daga nan: duka a gidan aure, cin zarafi tun ƙuruciya da ba a taɓa faɗa wa kowa ba, mutuwar miji, damuwar bayan haihuwa, kaɗaicin zawarci. Maza da yawa a majalisa suke koyon sha, cikin abokai da raha. Mace kuwa sau da yawa a ɗaki take farawa, ita kaɗai, tana neman abin da zai kashe mata wani raɗaɗi. Ke barci kika je nema. Kuma giya mayaudariya ce a wannan fannin, takan kawo barci da wuri, sannan ta yayyaga rabin dare na biyu, mutum ya farka ƙarfe uku zuciya na bugawa, washegari ya buƙaci fiye da na jiya.

Ga kuma gado. Bincike a kan tagwaye da 'ya'yan riƙo ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da giya a jini yake tafiya. Wannan ba ya nufin an rubuta wa 'yar mashayi sai ta sha, ga Yayarki nan uba ɗaya kuke. Yana nufin in ta ɗanɗana, ƙofar takan fi saurin rufewa a bayanta. Abokiyar aikinki na iya shan leda ɗaya ranar ciwon mara ta manta da ita, ke ba za ki iya ba, kuma ba za ki taɓa iyawa ba. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani nan gaba ranar da zuciya za ta ce miki ɗaya tak ba komai.

Akwai abin da ke ci mini rai a labarinki, yadda abin ya shigo miki da rigar magani. Da a kwalbar giya aka miƙo miki, da kin ja da baya kina a'uziyya. Haka aka yi da maganin tari mai kodin, ya shiga ɗakunan matan aure da 'yan mata a matsayin magani, har sai da binciken BBC na 2018 ya tona yadda abin ya yi nisa, gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Giyar leda ma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sanar da hana ta a farkon 2024, tare da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba, aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni. Arha ce, tana shiga jaka, tana ɓuya a ƙarƙashin katifa, kuma ana iya aiken yaro ya sayo da sunan maganin basir. Wani sahabi ya taɓa gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa shi don magani yake haɗa giya, ya amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Ke kin ga tafsirin wannan da idonki.

Sai ɓoyo, wanda a wajena shi ne ya fi duk sauran ciyar da wannan ciwo. Namiji in yana sha a garin nan, za a ce Allah ya shirye shi, a ci gaba da gaisawa da shi, har a ba shi mata. Mace kuwa in aka ji, an gama da ita, da 'ya'yanta, da ƙannenta da ba su yi aure ba. Saboda haka take shanyewa, ba ta zuwa asibiti sai ciki ya kumbura ko ido ya yi rawaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya ɗaya mace ce, giya ma ba ta cikin wannan lissafin, amma in kika leƙa wuraren jinya mata 'yan ƙalilan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kimanin 600,000 daga ciki mata ne. Innarku ta rufa wa mahaifinku asiri don ƙauna da kunya, Allah ya saka mata, amma rufin bai warkar da shi ba. Kada ki gaji wannan ma.

Game da tuba, ƙanwata, wa ya gaya miki an rufe ƙofa? Giya haramun ce, babban zunubi ce, ba zan sassauta miki wannan ba, ke ma ba ki nemi in sassauta ba. Amma ki karanta aya ta 53 a Suratuz Zumar, inda Allah ya kira waɗanda suka yi wa kansu ɓarna da "bayina", ya hana su yanke ƙauna daga rahamarsa. Kuma ya zo a Bukhari cewa akwai wani mutum da aka sha kawo shi gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, har wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi. Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mutumin da ya faɗi ya sake faɗuwa aka yi wa wannan shaidar. Kada ki bar salla don kina jin ba ki cancanta ba, ki kiyaye dai kada ki tsaya gabanta cikin maye. Addu'a da ruƙiyya ki ci gaba da su, ba su hana zuwa asibiti. Zuwa wajen likitan ma wani yanki ne na tubar taki, domin sharaɗin tuba barin laifi ne, ke kuwa hanyar barinsa lafiya ta asibiti ta bi.

Kin yi sa'a a Kaduna kike. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana da sashen kula da masu fama da shaye-shaye. Na san abin da zuciyarki ta ce yanzu, asibitin mahaukata, in wani ya gan ni fa? Masu rashin barci suna zuwa can, masu damuwa suna zuwa, masu farfaɗiya suna zuwa, wanda ya gan ki a layi shi ma da abin da ya kawo shi. In duk da haka ƙafarki ta ƙi, ki fara da likitan kowane babban asibiti, shi zai tura ki inda ya dace, ko ki tafi Asibitin Malam Aminu Kano ko na koyarwa na Jos inda ba a san fuskarki ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin mara lafiya. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, inda ake magana da masu ba da shawara ba sai an ga fuskar mutum ba. Abin da nake roƙonki da shi, ko wa ya kawo shawarar, kada ki yarda a kai ki gidan mari. Kin tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumba na 2019, ɗaruruwan mutane, wasu cikin sarƙa. Mai irin halinki in aka kulle shi a ɗaki ba magani, jijjigar nan za ta same shi ba mai ceto.

In kin je, ki nemi a yi miki awon hanta, da gwajin ciwon hanta nau'in B da C. Nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba, kuma in ya haɗu da giya hanta ba ta daɗewa. A auna hawan jini da yawan jini. Ki rage shan farasitamol barkatai kafin sakamako ya fito. Ki kuma saba duba nononki, domin giya na cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sankarar mama, abin da mata da yawa ba su taɓa ji ba. Albishir ɗin shi ne hanta gaɓa ce mai yafiya, in ba ta riga ta ƙeƙashe ba takan farfaɗo sosai cikin watanni bayan an daina.

Kada ki tafi ke kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kina buƙatar wanda zai riƙe yara in an kwantar da ke. Yayarki da ta ɗauke ki ta kai ki ruƙiyya ta nuna tana sonki, abin da ta rasa shi ne gaskiyar magana. Ki zaunar da ita ku biyu, ki ce, "Yaya, abin nan da ya same ni ba iska ba ce, ciwon Baba ne ya kama ni, ina so ki raka ni asibiti." Za ta iya yin kuka, za ta iya yin faɗa, ki bar ta ta yi. In kin san bakinta ba ya riƙe magana, ki zaɓi wata, amma lallai mutum ɗaya ya sani kafin ƙarshen makon nan.

Maganar aure kuwa, ra'ayina a fili yake: a ɗaga. Bayan ƙaramar Sallah ya yi kusa, ba a fafe gora ranar tafiya. Na san a wajenmu aure ake ɗauka maganin komai ga bazawara, kuma na san tsoron kada mutumin kirki ya kuɓuce. Amma ki hango kanki a sabon gida, da sabon miji, watakila da abokiyar zama da dangin miji masu sa ido, kina ɓoye leda. Ko ki hango ciki ya shiga a watan farko. Giya tana ratsa mahaifa kai tsaye, tana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun kafin mace ta san tana da ciki, lahanin kuma na har abada ne, babu wani adadi da aka sani mai aminci ga mai juna biyu. Manya za a iya gaya musu cewa likita ya ce ki yi jinyar wasu watanni, kuma gaskiya ce.

Shi kuma mai nemanki, ki gaya masa, amma ba yau ba. Ki fara jinya, ki samu makonni a tsaye, sannan ki same shi da magana kafin a ɗaura. Zunubin da ya wuce aka tuba, ba a ce ki tallata shi ba. Wannan kuwa ciwo ne da zai shiga gidansa tare da ke, zai shafi haihuwa, kuma za ki buƙaci taimakonsa a kai. Ba sai kin zayyana masa kowane dare ba. Ya isa ki ce bayan azabar auren fari kin faɗa shan wani abu da aka ba ki da sunan magani, ya kama ki, kina ganin likita, ga tsawon lokacin da kika yi ba ki taɓa ba. Zai iya janyewa, ba zan yi miki alkawarin ba zai janye ba, kuma zai yi ciwo. Amma janyewarsa yanzu ta fi sauƙi a kan ya tsinci leda da kansa bayan wata uku, ki fito da saki na biyu da tonon asiri.

'Yarki ta riga ta sani, shirun da ta yi kaya ne ta ɗauka. Yara irinta sukan zaci laifinsu ne, ko su ɗora wa kansu gadin uwa. Ki kira ta ki ce abin da ta gani gaskiya ne, ciwo ne, ba ita ta jawo ba, ba kuma ita za ta gyara ba, manya da likita suna kai. Kada ki sa ta rantsuwar rufe baki, ki ba ta izinin yin maganar da Yayarki. In ta ƙara girma ki gaya mata tarihin gidanku, don ta san abin da ke jininta kafin wata ƙawa ta miƙo mata nata maganin ciwon marar.

Bayan an sallame ki aikin zai soma. Barci zai yi gardama na makonni, wani lokaci fiye, wannan ba alamar kin kasa ba ce, ƙwaƙwalwa ce take koyon kwanciya da kanta. Ki nace a duba miki damuwar da firgicin nan, da magani da zaman tattaunawa, domin in aka cire giya aka bar abin da ya kawo ta, wata rana zai sake aiken a sayo. Ki tambayi likita game da magungunan rage sha'awar giya irin su naltrexone, ki kuma gaya masa in kina shan tramadol ko kodin, don ba sa haɗuwa. Lokacinki mai haɗari tsakanin isha'i ne da kwanciya, saboda haka a watannin farko ki samu wata babba ta riƙa kwana a gidan, ko ku koma wajen Yaya. Wanda kike aike ki sallame shi daga wannan aiken, abokiyar aikin nan ki gaya mata likita ya hana ki, kada ta sake kawo miki. Sha'awar in ta taso takan yi ƙarfi ta kuma sauka cikin kamar rabin awa, ki yi alwala, ki kira wani, ki fita tsakar gida har ta wuce. In kuma aka yi rashin sa'a kika zame wata rana, washegari ki koma wajen likita ki faɗa, kada kunya ta mayar da dare ɗaya ya zama wata shida.

Ranar da za ki je, ki saka leda ɗaya da kwalin ƙwayar barcin a jakarki. In kin zauna gaban likita baki ya ƙi buɗewa, ki ɗora su a kan tebur, ki miƙa masa wasiƙar nan da kika rubuto mini ya karanta. Ki sake rubuto mini in kin dawo, ina so in ji sakamakon awon hantar, da yadda kuka yi da Yaya. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki yaran nan.